Yarinyata ta samu F9 a darasin da ta fi iyawa, ina ake kai kuka?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah kuyi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya ban runtsa ba. Sakamakon jarrabawar gama sakandare na yarinyata ya fito, Lissafi B3, Kemistiri B2, Fiziks C4, Turanci C5, komai lafiya lau sai Bayoloji aka rubuta mata F9. Bayoloji fa jama'a, darasin da tun tana aji huɗu ita ke zaunar da ƙawayenta tana koya musu. Da kanta ta duba a wayata, ta saka lambarta, shafin yana ta juyawa muna tsaye a kanta ni da ƙannenta, da ya buɗe sai naga tayi shiru, ta miƙo min wayar bata ce komai ba ta shige ɗaki. Can na bita na tarar ta baje littafin da take zane a ciki, zuciya da ƙoda da ƙwayar ido duk ta sa musu sunaye da jan biro, tana buɗawa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago tace Umma wallahi na amsa duka. Aikin jinya take so ta karanta kuma babu Bayoloji babu wannan maganar. Shin ana iya sa a sake duba takarda? Ta ina ake farawa?

Admin: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanyaya mata. Masu ba da amsa dan Allah kada a tambayeta sunan makaranta ko lambar yarinya a nan cikin guruf.

Kawu Dattijo: Hajiya kiyi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don na ƙara miki zafi bane. Kowane ɗa gwani ne a wajen uwarsa. Jarrabawar cikin makaranta daban ta waje daban, malamin da ya koyar shi ya fitar da tambaya shi ya duba, kuma yasan fuskar yarinyar, dole maki yayi kyau. Ranar da baƙo ya duba ne ake sanin gaskiya. Ni shawarata ta rungumi ƙaddara ta sake zama, yafi ɓata lokaci wajen jayayya da hukuma.

Anti Nas: Haba Kawu, wadda taci B2 a Kemistiri da C4 a Fiziks ai baƙon ne ya duba mata su. Da D7 aka bata sai muce wata ƙila ranar ce bata zo mata da kyau ba, amma F9? Ruwa baya tsami banza.

Malam Mai Jan Biro: Hajiya sannu da haƙuri. Na shafe shekaru ina fita makin, wato aikin duba takardun amsa na irin wannan jarrabawa, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki sai ki san inda za ki dosa. Da farko ki duba takardar sakamakon da kyau, domin abu uku ne mutane ke haɗawa su kira shi abu ɗaya. Akwai wanda aka riƙe sakamakonsa saboda zargin satar amsa, wannan kwamiti ne ke zama a kansa ya saki ko ya soke. Akwai wanda nasa bai kammala fitowa ba saboda wani ɓangare na makinsa bai shiga ba, wannan sau da yawa yana fitowa daga baya. Sai na uku wanda aka bashi sakamako amma bai yarda da shi ba, naku kenan, kuma shi ne ake neman a sake dubawa.

Abu na biyu, Bayoloji ba takarda ɗaya bace. Akwai objektib da ake cikewa da fensir na'ura ta karanta, akwai ta rubutu, akwai firaktikal, sannan ga makin da makaranta ke turawa na gwaje-gwajen da yaro yayi a aji. Duk sai an haɗa su kafin harafi ya fito. To idan ɗaya daga ciki ya ɓata hanya, misali yarinya ta cike lambarta ba daidai ba a takardar objektib, ko ta goge bai gogu ba na'ura ta karanta biyu, ko ta karɓi ƙarin takarda bata rubuta lamba a kai ba ta zame daga cikin ƙunshin, sai kiga yaro mai ƙoƙari ya faɗo ƙasa warwas alhali abin da ya rubuta daidai ne. Ki zaunar da ita a hankali ki tambayeta ranar kowace takarda me ya faru.

Maman 'Yan Biyu: Malam Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na tambayeta, tace ranar ta rubutu takardar amsa ta cika mata ta karɓi ƙari, mai tsaron jarrabawa ya bata zare ta ɗaure. Tace tana ganin ta rubuta lamba amma bata da tabbas don ana ta cewa a ajiye biro.

Malam Mai Jan Biro: To wannan abin lura ne, ki rubuta shi a cikin wasiƙar. Amma kada ki ɗora zuciyarki duka a kansa, don ko ƙarin takardar ta ɓace ba lallai ta kai mutum F9 ba sai in amsoshi masu nauyi ne a ciki.

Kawu Dattijo: Malam kai da kanka ka sani akwai masu duba aikin masu makin, ba haka kawai ake sakin abu ba. Kada mu sa wa iyaye a rai cewa duk wanda ya faɗi kuskure aka yi masa.

Malam Mai Jan Biro: Gaskiya ne Kawu, akwai tsari kuma tsari ne mai kyau. Kafin a ba kowa ƙunshi sai an tara mu an bi jadawalin amsoshi layi layi, a raba mana kwafin takardu iri ɗaya kowa ya duba a gwada, wanda hannunsa yayi nauyi a ce ya sassauta wanda yayi sakaci a ja masa kunne. Bayan ka fara kuma shugaban rukuni yana zaro wasu daga cikin naka ya sake bi da biro mai wani launi. Amma wasu yake zarowa, ba duka ba. Bari in baku labarin abin da ya faru da ni da hannuna. Wata shekara ina makin da dare, na kai takarda ta wajen ɗari da wani abu a ranar, shafi biyu suka manne min na buɗe su tare ban sani ba, na tara maki na rubuta a bango na wuce. Allah ya sa wannan takardar tana cikin waɗanda shugabanmu ya zaro. Ya kira ni ya sa yatsa ya raba shafukan a gabana, cikakkiyar amsa ce mai maki goma sha biyar a ciki da zane mai kyau, babu alamar biro na ko ɗaya. Wallahi ranar jikina yayi sanyi, har yau in na tuna sai na tambayi kaina takarda nawa ce irin wannan ba a zaro ba. Tun daga nan sai na ƙirga shafuka kafin na fara. Mafi yawan sakamako daidai ne Kawu, na yarda, amma yaron da abin ya faɗa kansa shi ba ruwansa da mafi yawa.

Ɗan Aji Shida: Malam dan Allah tambaya, wai gaskiya ne daga 75 zuwa sama A1, 50 zuwa 54 C6, ƙasa da 40 kuma F9? Haka muke gani ana turawa.

Malam Mai Jan Biro: Ɗana wannan teburin yana da amfani wajen gane jerin, A1 sai B2 B3, sai C4 C5 C6 nan kiredit ya tsaya, D7 da E8 wucewa ce kawai ba kiredit ba, F9 faɗuwa. Amma kada ka ɗauka iyakar a kafe take kamar ƙusa. Manyan hukumomin jarrabawa bayan an gama makin suna zama da manyan masu dubawa na kowane darasi su auna wahalar tambayoyin bana da na bara, su kalli takardun da ke bakin iyaka, sannan a tsayar da inda kowane harafi zai fara. In ba haka ba wanda ya faɗo shekarar da tambaya tayi tsauri an cuce shi kenan. Shi yasa maki ɗaya tak kan raba C6 da D7, kuma wannan ɗayan shi ne tsakanin samun gurbi da zaman gida shekara guda.

Baban Gida: Masu cewa hukuma bata kuskure ku tuna 2025 mana. WAEC ta saki sakamako ranar 4 ga Agusta tace kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, ƙasa ta ɗauki kuka, aka yi ta zagin yara da malamai wai an daina karatu sai waya. Kwana huɗu bayan nan suka fito suka ce an samu matsala wajen makin objektib ɗin Turanci, saboda sabon tsarin da aka kawo na jujjuya jerin tambayoyi don hana satar amsa, an duba wasu da jadawalin amsar da ba nasu ba. Da aka gyara sai ya koma kashi 62.96. Ku auna tazarar nan. Kuma a shekarar dai JAMB ma shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu tangarɗa, mutum 379,997 abin ya shafa aka ce su sake zama. Ni ina girmama su da suka amsa, ba kowa ke iyawa ba. Amma abin da ke damuna shi ne an gano waɗannan ne don sun shafi dubban ɗaruruwa. Kuskuren da ya faɗa kan yarinya ɗaya tilo wa zai yi mata ihu?

Maman 'Yan Biyu: Nata ba wannan bane Baba, amma maganarka ta ƙarshe ita ce ke cina.

Yaya Mazaunin Ingila: Bari in kawo muku yadda ake yi a nan don a kwatanta. Makaranta tana iya nema wa ɗalibi kwafin takardarsa da aka duba, malaminsa ya zauna ya karanta ya ga ko akwai abin kamawa kafin a ce a sake dubawa. In an nema kuma ana gaya maka tun farko cewa maki na iya hawa, na iya tsayawa, na iya sauka, sai ɗalibi ya sa hannu ya yarda. Ana biyan kuɗi amma in harafin ya canza ba a cajin ka. Sai dai tun 2016 aka ƙara tsaurara abin, ba a canza maki don kawai mai dubawa na biyu yana ganin da shi ne da ya ƙara biyu, sai in kuskure ne na zahiri. In baka gamsu ba akwai ɗaukaka ƙara a cikin hukumar, daga nan kuma sai Ofqual mai sa ido a kansu duka.

Kuma kada ku ɗauka nan ba a taɓa yin ɓarna ba. A 2020 da korona ta hana zama jarrabawa, aka ce malamai su kimanta abin da kowane ɗalibi zai samu su kuma jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sai aka zuba a wani lissafin kwamfuta da ke duba abin da makarantar ta saba samu a shekaru uku da suka wuce. Ranar 13 ga Agusta sakamako ya fito, kusan kashi 40 na abin da malamai suka bayar an rage shi. Yaro mai hazaƙa a makarantar da bata saba fitar da gwanaye ba aka ja shi ƙasa da laifin waɗanda suka riga shi, ajujuwa masu ɗalibai kaɗan kuma, waɗanda sun fi yawa a makarantun kuɗi, aka bar musu abin da malamansu suka rubuta. Yara suka fito titi da kwalaye, ranar 17 ga wata gwamnati ta janye aka koma kan na malamai. Sikotilan ma haka ta faru kwanaki kaɗan kafin nan.

Kawu Dattijo: To kaga ai maganata ta fito ta wani gefen. Da aka koma na malamai ba sai sakamako ya kumbura ba? Malami baya iya kada ɗalibinsa. Dole dai a samu baƙo ya duba.

Yaya Mazaunin Ingila: Ya kumbura kam Kawu, ban musa ba, kuma nima ina goyon bayan baƙo ya duba. Abin da nake cewa shi ne baƙon ya nuna aikinsa. Gani ya kori ji.

Malama Hausa: Wannan ita ce maganar wallahi. Ni a aji in na raba wa yara takardun gwaji sai an yi layi a teburina, Malama baki tara min wannan ba, Malama kin tsallake lamba huɗu, kuma sau da yawa suna da gaskiya in gyara. Gwajin da bai wuce na mako ba kenan. To ta yaya jarrabawar da za ta yanke wa yaro rayuwa ita ce ba zai taɓa ganin takardarsa ba? A Indiya har kotun ƙoli maganar ta kai, a 2011 ta yanke cewa ɗalibi yana da haƙƙin ganin takardar amsarsa da aka duba a ƙarƙashin dokarsu ta 'yancin samun bayanai. Kuma su ɗalibansu sun fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Injiniya: Malama a baki da sauƙi. Ɗalibi kusan miliyan biyu kowa darasi takwas ko tara, kowane darasi takarda biyu ko uku, ki lissafa tulin. Wa zai zauna yana zaƙulo wa kowa tasa? Kuma kina buɗe ƙofar nan kowane uba zai zo da malamin lesin ɗinsa suna jayayya a kan rabin maki, ba za a taɓa rufe littafi ba.

Malama Hausa: Ba kowa zai nema ba Injiniya, wanda yaci A1 me zai zo nema, wanda yasan bai rubuta komai ba ma ba zai so a buɗe ba. Kuma ganin takardar ma rage rigima zai yi, uban da yaga shafin ɗansa fari fat zai koma gida ya kama ɗansa da faɗa ya ƙyale hukuma. In ana ɗaukar hoton takardu a kwamfuta tun farko ai tura wa makaranta kwafi ba wani aiki bane.

Injiniya: In an kai ga ɗaukar hoton duka na yarda dake. Kafin nan dai akwai aiki.

Ɗan Bakaloriya: Mu da muka yi karatu a tsarin Faransa namu daban ne kaɗan. Ana ba da maki a kan 20 kuma kana ganin lambar kowane darasi, ba harafi kawai ba. In jimillarka ta kai 10 ka wuce, in ta tsaya tsakanin 8 da 10 ba a yar da kai, akwai zagaye na biyu da ake baka dama ka cike giɓin cikin 'yan kwanaki. Kwamitin alƙalan jarrabawa kuma yana duba littafin makarantar ɗalibi kafin ya yanke wa wanda ke bakin iyaka. Amma fa in sun yanke da wuya a sake makin, sai dai gyaran kuskuren lissafi ko na kwafe maki. Abin da ya burge ni a ciki shi ne wanda ya rasa da kaɗan baya asarar shekara.

Anti Nas: Asarar shekarar nan ita ce abin tsoro musamman ga 'ya mace, kafin ta zagayo wata maganar ta shigo karatun ya bi ruwa. Hajiya ni shawarata ki kama igiya biyu. Ki nemi a sake dubawa, amma kada ki zauna jira, kiyi mata rajistar jarrabawar masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara ta sake Bayoloji. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, sai dai wasu kwasa-kwasan kamar likitanci akwai jami'o'in da ke cewa sai zama ɗaya, don haka ki duba sharaɗin inda take nema tun yanzu.

Maman 'Yan Biyu: Anti na faɗa mata haka da safe sai ta fashe da kuka, wai in ta sake zama kamar ta yarda ta faɗi ne.

Malam Mai Jan Biro: Ki ce mata inji wani malami da ya duba dubban takardu, sake zama ba amsa laifi bane, tsare lokacinta ne. Ga abin da za kiyi Hajiya. Tunda ta hannun makaranta ta zauna, ta hannun firinsifal koken zai bi, hukuma bata cika sauraron uwa ita kaɗai a kan ɗalibin makaranta ba. Gobe da sassafe kije ki ga malamin da ke kula da harkar jarrabawa, ki roƙe shi ya buɗe miki jerin sakamakon ajin gaba ɗaya a Bayoloji. In kika ga waɗanda lambarsu ke kusa da tata suma sun faɗi babu dalili to matsalar ƙunshi ce, kuma koken makaranta a kan yara da yawa yafi saurin samun kunne. Ki tabbatar ta sa hannu a takardar halarta a dukkan ranakun, ki tambaya ko an tura makinta na aji. Wasiƙar ta zama gajeriya, lambarta, darasin, shekarar, abin da kike nema, da maganar ƙarin takardar nan. Banda zagi banda zargin kowa. Ki riƙe kwafi da rasit ɗin duk abin da kika biya. Kuma kada ki bari sati ya wuce, akwai wa'adi, ba a ajiye takardun amsa har abada.

Baban Gida: Ki kuma kula da masu shigowa inbos suna cewa suna da mutum a ciki zai ɗaga mata zuwa B. 'Yan damfara ne, duk shekara hukumomin suna gargaɗi a kansu.

Kawu Dattijo: Wannan kam gaskiya ne. Hajiya in maganata ta farko ta sosa miki rai ki yafe ni. Har yanzu ina ganin yawancin masu kuka basu da hujja, amma bayanin Malam ya nuna min naki yana da abin dubawa. Allah ya bayyana gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: Babu komai Kawu, amin na gode.

Maman 'Yan Biyu: Salam jama'a, na dawo daga makarantar. Malamin jarrabawa ya buɗe mana jerin, yara huɗu ne a jere lambarsu na bin juna duk F9 a Bayoloji, biyu daga ciki shi da kansa yace suna cikin waɗanda ya fi sa wa rai. Ta sa hannu a duk ranakun, makin aji ma an tura. Firinsifal yace zai rubuta a kan su huɗun tare, an kira sauran iyayen zamu haɗu jibi. Rajistar ƙarshen shekara kuma ta yarda zan yi mata. A hanya tana ta tambayata wai Umma in sun sake dubawa za su nuna min takardar in gani da idona? Nace mata zan tambayi Malam.

Malam Mai Jan Biro: Ki sa firinsifal ya rubuta wannan buƙatar a cikin wasiƙar a fili, ko ba za a bayar ba a san an nema. Kuma kafin jibi ki tambayi sauran ukun ko suma sun karɓi ƙarin takarda ranar, da kuma ko a layi ɗaya suka zauna.